Awa 72 na Godina: nazarin yadda maƙala ɗaya ta mamaye ambato a tiyatar gyaran ƙafa

A watan Satumba na shekarar 1986 mujallar Plastic and Reconstructive Surgery, wadda ake bugawa a Amurka, ta fitar da wata maƙala mai shafi takwas a kan yadda ake rufe munanan raunukan hannu da ƙafa ta hanyar tiyatar da ake yi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Marubucinta, Marko Godina, likitan tiyata ne a birnin Lubliyana na Sulobeniya, wadda a lokacin take cikin tarayyar Yugoslabiya, kuma Allah bai nufe shi da ganin fitowarta ba, domin ya rasu a haɗarin mota a farkon wannan shekarar yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Daga ranar zuwa yau an ambaci maƙalar a wasu rubuce-rubucen bincike fiye da sau dubu, kuma da wuya a haɗa jerin maƙalun da suka fi samun ambato a fannin gyaran ƙafa ba a same ta a sahun gaba ba. Wannan ya sa ta dace da a tsaya a kanta a duba abin da ƙidayar ambato ke iya nunawa, da abin da take wucewa ta bari a baya.

Nazarin ambato hanya ce ta auna tasirin bincike ta ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da shi a rubutunsu. Eugene Garfield ne ya gabatar da tunanin a mujallar Science a shekarar 1955, sannan a 1964 cibiyarsa ta fara fitar da kundin ambato na kimiyya, wanda shi ne kakan Web of Science na yanzu. A 2004 Scopus da Google Scholar suka shigo fagen. Mai nazari yakan zaɓi kalmomin nema, ya tattaro maƙalu, ya jera su daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ya ɗauki hamsin ko ɗari na sama, sannan ya duba ƙasashen da suka fito, da mujallun da suka buga su, da shekarun fitowarsu, da ƙarfin hujjar da ke cikinsu. Aikin ba shi da wahala a hannu, wahalarsa tana wajen fassara abin da aka samu.

Matsalar da Godina ya tarar

Kowa yana iya shafa gaban ƙwaurinsa ya ji ƙashi dab da fata, babu tsokar kirki a tsakaninsu. A cinya idan ƙashi ya karye akwai nama mai kauri da ke lulluɓe da shi, yana ciyar da shi da jini, yana kuma kare shi daga datti. A ƙwauri kuwa, musamman kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kusa da idon sawu, idan mota ko babur ya daki mutum fata takan yage, ƙashi ya fito fili, ƙasa da tsumman wando su shige cikin raunin. Ƙashin da ya zauna a buɗe yakan bushe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, daga nan a shiga ciwon ƙashi mai fitar da mugunya shekara da shekaru, ko karayar ta ƙi haɗewa, ko a ƙare da yanke ƙafar.

Kafin shekarun 1970 dabarun rufe irin wannan rauni kaɗan ne. Ɗaya daga cikinsu ita ce a ɗinke ƙafar da ta ji rauni da lafiyayyar, a yanko fatar wannan a lulluɓa wa waccan ba tare da an raba ta da asalinta ba, majiyyaci ya kwanta ƙafafunsa a harɗe cikin filasta har kusan mako uku kafin a raba su. A 1973 Rollin Daniel da Ian Taylor a birnin Melbon na Ostireliya suka ba da rahoton ɗauko fata da kitsenta daga makwankwaso tare da jijiyoyin jininta, suka dasa a ƙafa, suka ɗinke jijiyoyin da na wurin a ƙarƙashin madubi. Wannan shi ne facin nama mai 'yanci, wato wanda aka raba shi gaba ɗaya da inda ya fito. Jijiyar da ake ɗinkewa faɗinta bai wuce milimita biyu ko uku ba, zaren kuma ya fi gashin kai siranta, kuma idan jini ya daskare a mahaɗar cikin kwanakin farko, facin yakan yi sanyi, launinsa ya sauya, ya mutu a bar majiyyaci da rauni biyu maimakon ɗaya.

Da dabarar ta samu, sai tambayar lokaci ta taso. Al'adar da aka gada, wadda ta samo tushe daga darussan yaƙe-yaƙe, ita ce kada a yi gaggawar rufe ƙazamin rauni: a bar shi a buɗe, a riƙa wankewa ana sauya bandeji, a koma ɗakin tiyata lokaci bayan lokaci ana cire abin da ya mutu, sai an ga jan nama mai kyau ya tsiro sannan a yi maganar faci. Wannan al'ada ce Godina ya ƙalubalanta.

Abin da maƙalar ta ƙunsa

Godina ya tattara bayanan majiyyata 532 da aka yi wa facin nama bayan mummunan rauni, ya kasa su gida uku gwargwadon lokacin da aka yi aikin. Mutum 134 an yi musu cikin awa 72 na farko, 167 an yi musu tsakanin awa 72 da wata uku, 231 kuma sai bayan wata uku, wasu ma bayan shekaru. A rukunin farko faci ɗaya tak ya mutu, wato kashi 0.75 cikin 100, alhali a rukuni na biyu kashi 12 ne suka mutu, a na uku kuma kashi 9.5. Shigar ƙwayoyin cuta bayan aiki ta tsaya a kashi 1.5 a rukunin farko, ta kai 17.5 a na biyu, ta sauko zuwa 6 a na uku. Ƙashi ya haɗe cikin wata 6.8 a matsakaici ga waɗanda aka yi wa da wuri, wata 12.3 ga na tsakiya, wata 29 ga na ƙarshe. Kwanciyar asibiti kuwa kwana 27 ce, da 130, da 159, yawan shiga ɗakin tiyata kuma 1.3 ne, da 4.1, da 7.8.

Bayaninsa a kan wannan bambanci ya fito ne daga abin da hannunsa ya taɓa. A kwanakin farko jijiyoyin jini da ke kusa da raunin suna nan da taushinsu, ana iya raba su da naman da ke kewaye da su cikin sauƙi. Idan aka yi makonni, kumburi da tabo sukan bi jijiyar su haura nesa da inda ido ke ganin raunin, bangonta ya yi tauri, ta riƙa tsukewa da zarar an taɓa ta, jijiyoyin da ke mayar da jini kuma su zama masu saurin yagewa. Likitan da ya zo a wannan lokaci yana ɗinki ne a kan abin da ya riga ya lalace.

Sai dai akwai sharaɗin da dukkan koyarwar ta rataya a kansa, kuma a ganina shi ne zuciyar maƙalar. Godina bai yarda a rufe rauni da wuri ba sai an yi masa shara ta gaske a zama ɗaya: a yanke duk fata da tsoka da guntun ƙashin da jini ba ya kaiwa, a bi raunin har a isa nama mai rai ta kowane ɓangare, kamar yadda ake yanke ciwon daji da gefensa, ko da hakan zai sa ramin ya ƙara girma. Ƙarfin halin yin wannan yanka ya samu ne saboda likitan ya san yana da babban faci, kamar faffaɗar tsokar gadon baya, da zai cike ramin komai girmansa. Gaggawar rufewa ta biyo bayan sharar ne. Wanda ya lulluɓe mataccen nama da faci cikin awa 72 ya cika lokacin Godina, amma ya rufe ƙwayoyin cuta a ciki.

Abin da ya jawo mata ambato

Dalili na farko a bayyane yake: yawan majiyyatan ya zarce na kusan duk rahotannin zamanin, bambancin alƙaluman kuma babba ne wanda ba ya buƙatar dogon lissafi kafin a gane shi. Amma akwai wani dalilin da masu nazarin ambato ya kamata su riƙa lura da shi, wato maƙalar ta bai wa duniya lamba ɗaya mai sauƙin riƙewa. Marubucin da ke buɗe maƙalarsa a kan karayar ƙwauri yana buƙatar jimla guda da zai ce rufe rauni da wuri ya fi, sannan ya manna mata hujja, kuma Godina 1986 ita ce hujjar da ta fi kusa da hannu. Da zarar maƙala ta zama irin wannan, sai ambato ya riƙa haifar da ambato, domin sabon marubuci yakan ɗauko ta daga jerin madogarar wanda ya gabace shi. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1968, cewa a duniyar ilimi wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa yabo. Rasuwar Godina da ƙuruciya, da laccar shekara-shekara da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta sanya wa sunansa, su ma sun taimaka wajen raya sunan a bakin sababbin likitoci.

Tasirin bai tsaya a takarda ba. A shekarar 2000 Gopal da abokan aikinsa daga Leeds da York a Ingila suka ba da rahoton majiyyata 84 da aka ɗaure musu ƙashi da ƙarfe aka kuma yi musu faci da wuri, sakamakonsu ya ƙarfafa ra'ayin. Ƙa'idojin kula da buɗaɗɗiyar karaya na Birtaniya, har da na 2016 na NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, sun tanadi a rufe raunin cikin awa 72 idan ba a samu yi a zaman sharar farko ba. A nan ƙidayar ambato ta faɗi gaskiya, domin maƙalar da aka fi ambata ita ce kuma ta sauya yadda asibitoci ke tsara aikinsu, har likitan ƙashi da likitan faci suka koma shiga ɗakin tiyata tare.

Inda ƙidayar ta gaza

Kundin ambato ba ya bambance wanda ya ambaci maƙala don ya goyi bayanta da wanda ya ambace ta don ya yi mata gyara, kowanne maki ɗaya ne. Wani kaso na masu ambaton Godina a shekarun baya-bayan nan suna tambaya ne ko iyakar awa 72 tana nan daram. A 1997 Louis Argenta da Michael Morykwas suka gabatar da na'urar da ke zuƙe ruwan rauni ta cikin soso da aka liƙe da leda, wadda ta ba likitoci damar riƙe rauni a rufe na ɗan lokaci kafin babban aiki. A 2019 Lee da abokan aikinsa na jami'ar Niyu Yok suka duba faci 358 da aka yi a ƙasan gwiwa, suka ga babu bambanci tsakanin waɗanda aka yi cikin kwana uku da waɗanda aka yi tsakanin kwana huɗu da tara, matsala ta fi bayyana ne daga kwana goma zuwa sama. Wannan maƙala ta sa sunan Godina a takenta, ta ƙara masa maki, alhali saƙonta shi ne a faɗaɗa iyakar da ya shata. Ita ma na'urar zuƙe ruwan, duk da ɗimbin ambaton da maƙalunta na farko suka samu, gwajin WOLLF da aka yi a Birtaniya kan majiyyata 460 aka buga a 2018 bai nuna ta fi bandeji na yau da kullum rage naƙasa bayan wata 12 ba a munanan buɗaɗɗun karayar ƙafa.

Abu na biyu ya fi nauyi. Binciken Godina waiwaye ne a kan majiyyatan cibiya ɗaya, ba gwaji ba ne da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a. Shi da kansa ya nuna cewa a faci 100 na farko da aka yi, 26 sun mutu, a 100 na ƙarshe kuwa 4 ne kawai. Tunda sabon tsarin gaggawa ya kankama ne bayan hannu ya faɗa, wani ɓangare na nasarar rukunin farko na iya zama na ƙwarewa, ba na lokaci kaɗai ba. Haka nan majiyyacin da ya kai makonni ba a rufe masa rauni ba, sau da yawa akwai dalili: ko ya ji wasu raunukan a kai da ƙirji da suka hana a yi masa dogon aiki, ko an turo shi daga wani asibiti bayan raunin ya riga ya ɓaci. Irin waɗannan mutane ko da me aka yi musu sakamakonsu zai fi muni. Wannan bai rushe maƙalar ba, kuma adalci ne a ce marubucin bai ɓoye alƙaluman da ke nuna rauninta ba. Waɗanda suka ɗauki lambar 72 suka bar sauran, su ne suka mayar da ita doka. Wasu masu bincike biyu, Simkin da Roychowdhury, da suka bi sawun kurakuran rubutu da ake kwafowa daga jerin madogara zuwa wani, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai na masu ambato suke karanta asalin abin da suka ambata. Binciken nasu ba a kan tiyata aka yi shi ba, amma duk wanda ya ga yadda ake taƙaita Godina da jimla ɗaya zai gane abin da suke nufi.

Akwai makamancin wannan a maƙwabciyarta a saman jerin, wato maƙalar Gustilo da Anderson ta 1976 a kan buɗaɗɗun karaya 1,025, wadda ta kasa raunukan mataki uku, aka kuma ƙara raba mataki na uku gida uku a 1984. Kusan kowace maƙala a fannin dole ta ambace ta, domin da harshenta ake bayyana irin raunin da ake magana a kai. Amma da Brumback da Jones suka nuna wa likitocin ƙashi 245 hotunan raunuka iri ɗaya a binciken da aka buga a 1994, daidaituwar hukuncinsu ta tsaya a kashi 60 cikin 100. Yawan ambatonta shaida ce ta cewa kowa yana amfani da ma'aunin, ingancin ma'aunin kuma tambaya ce dabam.

Idan aka koma ga abin da ya fi damun majiyyaci, binciken da ya fi ƙarfin tsari a wannan fage shi ne na LEAP, wanda Michael Bosse da abokan aikinsa suka buga a New England Journal of Medicine a 2002. Sun bi majiyyata 569 a manyan cibiyoyin haɗari takwas na Amurka tun daga ranar rauni, suka tarar bayan shekara biyu babu wani bambanci na a zo a gani a ingancin rayuwa tsakanin waɗanda aka ceto musu ƙafa da waɗanda aka yanke, kuma kusan rabi ne kawai suka koma aiki a kowane ɓangare. Talauci, da ƙarancin ilimi, da shan taba, da rashin masu tallafawa, sun yi tasiri a kan sakamakon ƙwarai. Godina ya auna rayuwar faci da haɗewar ƙashi, LEAP ta auna rayuwar mutumin da ke ɗauke da ƙafar. Jerin ambato yana ajiye su kusa da juna kamar abu ɗaya suke aunawa, kuma mai nazarin da ya tsaya a lamba ba zai ga cewa tambayoyinsu sun sha bamban ba.

Batun harshe da wuri shi ma yana cikin lissafin. Godina ya shiga kundin ne domin ya yi rubutu da Turanci a mujallar Amurka. Likitan ƙashi Gavriil Ilizarov ya fara amfani da ƙarfensa mai zobba da ake ɗaura wa ƙafa a garin Kurgan na Saberiya tun farkon shekarun 1950, yana jan ƙashi kimanin milimita ɗaya a rana har sabon ƙashi ya cike giɓi, amma Yammacin Turai ba ta waiwaye shi ba sai bayan da ya yi wa ɗan Italiya mai yawon buɗe ido Carlo Mauri magani a 1980, manyan maƙalunsa na Turanci kuma sai a 1989 suka fito. Aikin shekara talatin da ɗoriya da aka rubuta da Rashanci kusan bai bar sawu a ƙidayar ba. Saboda haka idan jerin ya nuna Amurka ce kan gaba, wani ɓangare na wannan fifiko na bincike ne, wani kuma na irin mujallun da kundin ya zaɓa ya ƙirga.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Karayar ƙwauri daga haɗarin babur ba baƙuwa ba ce a Kano ko Maraɗi, kuma majiyyaci da yawa sukan fara biyawa ta wurin mai ɗori, ko su tsaya haɗa kuɗin aiki, kafin su isa asibiti irin na ƙashi da ke Dala, lokacin da awa 72 ta daɗe da wucewa. Likitan da ke karɓar irin wannan rauni ya fi buƙatar sanin abin da za a yi a kwana na ashirin, kuma dabarun da suka fi yi masa amfani su ne waɗanda ba sa neman madubi: juyo tsokar sha-raɓa a rufe saman ƙwauri da tsakiyarsa, ko facin fata da fatar tsoka da Bengt Pontén na Suwidin ya bayyana a 1981, ko facin bayan ƙafa da ya samo tushe daga aikin Alain Masquelet na Faransa a 1992, wanda ake juyo shi ƙasa ya rufe idon sawu da dunduniya. Rahotannin da likitocin Afirka ke rubutawa a kan waɗannan ayyuka sukan fito a mujallun da ba duka manyan kundaye ke ƙirgawa ba, saboda haka ba sa hawa jerin ɗari na sama, ko da kuwa su ne suka fi kusa da halin da ake ciki a ɗakin tiyatarmu. Daga cikin koyarwar Godina kuwa, ɓangaren da aka fi mantawa wajen ambato shi ne wanda ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, domin yanke mataccen nama har a isa mai rai aiki ne na wuƙa da almakashi da ruwan wanki mai yawa, kuma ana iya yin sa a babban asibitin jiha ranar da majiyyaci ya iso, ko da facin zai jira sai an tura shi gaba.